Furojek ɗin taba da ƙodar ɓera: yadda zaka yi shi daga farko har ranar kare aiki

Wannan rubutun na ƙannena ne ƴan Zango dake karatu a Tek, wato jami'ar KNUST, da sauran makarantun kimiyya a nan Kumasi, musamman waɗanda suka kai shekarar ƙarshe kuma malami ya basu, ko su da kansu suka zaɓi, aiki akan illar taba ga ƙodar ɓera. Batun ya shafe mu ƙwarai, don mu a unguwanninmu taba kala kala ce, ga sigari, ga garin taba da tsofaffi ke zubawa a leɓe ko su shaƙa wanda Asantawa ke ce ma asra, ga fure da wasu iyayenmu mata ke gogawa a haƙori da goro, ga shisha kuma da ta shigo cikin samari da ƴanmata. Sannan ka tambayi duk gidan da suke kai mara lafiya wankin ƙoda asibitin Komfo Anokye sau biyu ko uku a sati, su zasu gaya maka abinda ciwon nan ke ci.

Abinda ke damuna shine yadda yawancin irin wannan aikin ke tafiya, a sayo ganye a jiƙa a ruwa, a ɗura ma ɓeraye sati biyu, a kai jini a auna yuriya da kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, in lambar ta ɗan motsa a rubuta cewa taba ta lalata ƙoda. Toh wallahi sau da yawa ƙishirwa aka auna ko rama, ƙodar kanta ba'a ma duba ta ba. Ɓerayen sun mutu a banza, kuɗin iyaye ya tafi. Zan bi da kai mataki mataki, inda ake faɗawa rami zan tsaya sosai.

Kafin komai, ka san abinda kake nema

Ƙoda kamar rariya take, cike da ƙananan matatai da ake kira nefron, mutum nada wajen miliyan ɗaya a kowace ƙoda, ɓera kuma wajen dubu 30. Kowane nefron nada dunƙulen jijiyoyi inda jini ke tacewa, sai siririn bututu da ke maido da ruwa da gishiri da suga cikin jiki ya bar datti ya tafi mafitsara. Taba na taɓa duka biyun amma ta hanyoyi daban daban. Nikotin na tayar da bugun zuciya ya matse jijiyoyin jini, hawan jini ya ƙaru. A 2007 Edgar Jaimes da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa ƙwayoyin dake riƙe da dunƙulen matatar suna da maƙalar nikotin a jikinsu, in ya maƙale sai su yi ta hayayyafa suna tara zaren da ke kaurara matatar. Ga kadmiyam kuma, ƙarfe ne da shukar taba ke zuƙowa daga ƙasa, yana taruwa a bututun ƙoda ya zauna shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita daga jikin mutum. Hayaƙin kansa nada sinadarai sama da 7000, da yawansu na jawo irin lahanin nan da iskar oksijin mai zafin nama ke yi ma ƙwayoyin jiki.

Ga abin da nake so ka riƙe tun yanzu. A gwaje gwajen dabbobi, illar nikotin ta fi fitowa fili a ƙodar da dama tana da rauni, kamar kusu, wato ƙaramin nan da Turawa ke ce ma mouse, mai ciwon suga, ko ɓeran da aka cire ma kashi biyar cikin shida na ƙodarsa, ko wanda aka tare ma ƙodarsa jini na ɗan lokaci aka sake. A matashin ɓera lafiyayye canjin kan zo a hankali kuma ƙanƙani, sai mai kayan aunawa masu kaifi ke kama shi.

Mataki na 1: tambaya guda ɗaya

Ka zauna da malaminka ku tsayar da wace taba, ta wace hanya, tsawon wane lokaci. Hayaƙin sigari daban, tsantsar nikotin daban, garin taba na kasuwa daban, kar ka gwada ɗaya ka rubuta sakamako da sunan ɗayan. In ni ne zan zaɓi garin taba, don shine namu kuma Turawa ba zasu zo su yi mana bincikensa ba. In kuma kana da hali da lokaci ka haɗa da ciwon suga, rukuni huɗu kenan, lafiyayyu, lafiyayyu da taba, masu suga, masu suga da taba. Wannan tsarin shi yafi kama da kawun nan namu da yake shan maganin suga da safe kuma garin taba na leɓensa har la'asar.

Tsawon lokaci kar ya gaza kwana 28, shine tsarin gwajin guba na ƙungiyar ƙasashe ta OECD mai lamba 407, in zaka iya kwana 90 irin na lamba 408 ya fi. Sati biyu kam ɓata dabbobi ne.

Mataki na 2: takardar izini

Kar ka taɓa ɓera ko ɗaya sai kwamitin ladubban bincike kan dabbobi na jami'arku ya sa hannu. Ka miƙa da wuri don yana ɗaukar lokaci, kuma mujallar kirki bata karɓar aiki mara lambar izini. Zasu tambaye ka akan ƙa'idoji ukun nan da Russell da Burch suka kawo a 1959, ko akwai hanyar da za'a yi ba da dabba ba, ko an rage yawansu iya yadda zai yiwu, ko an sauƙaƙa masu wahala. Mu dai wannan ba baƙon abu bane gare mu, tun muna yara ake gaya mana ko rago zaka yanka ka wasa wuƙa kar ka wahalar dashi. Ka rubuta a takardar cewa duk ɓeran da ya rasa kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa, ko ya daina ci da sha ya takure a lungu gashi a tsaye, za'a hutar dashi ba sai ranar ƙarshe ba.

Mataki na 3: tabar kanta, da sanin nawa kake bayarwa

Nan ne aiki ke gyaruwa ko ya lalace. In ganye ne ka kai samfur ma'ajiyar tsirrai ta jami'a masani ya tabbatar da irinsa ya baka lamba, don akwai Nicotiana tabacum akwai Nicotiana rustica kuma ta biyun ta fi nikotin nesa ba kusa ba. In garin taba ne, ko a kasuwar Kejetia ka saya ko wajen mai talla a unguwa, ka sayi wanda zai ishe ka har ƙarshen aiki a lokaci ɗaya wajen mutum ɗaya, ka gauraya shi sosai ka zuba a kwalba mai duhu mai murfi. In ka sake sayowa a tsakiya ka canza magani kenan baka sani ba, kowane mai daka da hannunsa.

Ka tambayi mai sayarwa me aka zuba ciki. Yawanci akwai kanwa, kuma ba don ɗanɗano kaɗai ake sa ta ba, kanwa na ɗaga pH, wato tana rage tsami, sai nikotin ya samu sauƙin ratsa fatar baki da hanci. Toh kanwa kuma cike take da sodiyam, ita kanta zata iya taɓa hawan jini da aikin ƙoda. Saboda haka ka auna pH na garin, kuma in aljihu zai ɗauka ka ƙara rukuni guda da zai sha kanwa zalla gwargwadon wadda ke cikin garin. Ranar kare aiki in wani malami ya ce ya akayi ka san taba ce ba kanwa ba, wannan rukunin ne zai amsa maka.

Sai ma'auni. Rubuta cewa ka bada miligiram 200 na jiƙo akan kowane kilo bai gaya ma kowa komai ba in ba'a san nikotin nawa ke ciki ba. Ka nemi babban lab ɗin jami'a ko ɓangaren haɗa magunguna su auna maka da HPLC, na'urar rarrabe sinadarai, ko da samfur ɗaya ne, in da hali a auna kadmiyam ma. Daga nan lissafi mai sauƙi ne, misali ɓera mai giram 200 da za'a ba miligiram 1 akan kilo, rabonsa miligiram 0.2 kenan, in ka haɗa ruwan maganin ya zama 0.2 a kowace mililita sai ka bashi mililita 1. Ƙa'ida kar ɗurar ta wuce mililita 1 akan kowane giram 100. Kuma duk sati ka sake auna nauyi ka sake lissafi, ɓera na girma.

Masu amfani da tsantsar nikotin ku duba kwalbar da kyau, wadda aka fi samu gishirin tatiret ce, nikotin na ainihi a cikinta kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai. In ka auna miligiram 3 na garin, wajen miligiram 1 ka bayar. Ka rubuta a aikinka wanne kake nufi. Ma'aunin da ke kashe rabin ɓeraye ta baki yana wajen miligiram 50 akan kilo, kusu kuma ya fi ɓera rauni sosai, don haka ka tsaya can ƙasa nesa da wannan, ka ɗauko ma'auni daga ayyukan da aka buga, ka fara gwadawa da ƙalilan kaga yadda suka ɗauka.

Kai ma ka kula da kanka ɗan uwa. Nikotin na shiga ta fata, manoman taba na kamuwa da jiri da amai daga jiƙaƙƙen ganye kawai. Safar hannu, takunkumi lokacin da kake auna gari, kuma kar ka ci komai a ɗakin.

Mataki na 4: ɓerayen

Ɓeran lab irin Wistar ko Sprague-Dawley, daga ɗakin dabbobi na jami'a ko cibiyar Noguchi dake Legon ko cibiyar binciken magungunan gargajiya ta Mampong Akuapem. Kar ka sayo wajen wanda bai san ranar haihuwarsu ba. Ka nemi ƴan sati 8 zuwa 10 masu nauyi kusa da juna, dalili kuwa tsofaffin mazan ɓeraye musamman Sprague-Dawley suna yin ciwon ƙoda da kansu ba tare da an basu komai ba, zaka ɗora ma taba laifin tsufa. In daga Accra aka kawo su a mota sun sha zafi da girgiza, ka barsu su huta sati guda ko biyu kafin ka fara. Ɗaki mai sanyi wajen digiri 22, awa 12 haske awa 12 duhu, shimfiɗar ɓawon katako busasshiya ana canzawa akai akai.

Yawansu a kowane rukuni ka lissafa da manhajar G*Power, kyauta ce, yawanci zai kai ka wajen 6 zuwa 8. Rabawa kuma da ƙuri'a ake yi, ka sa ma kowa lamba a wutsiya ka bar Excel ya watsa su. In ka ce zaka sa hannu a keji ka kama, masu sanyin jiki zaka fara kamawa su taru a rukuni ɗaya.

Masu haɗawa da ciwon suga, a cikin magungunan da ake sa ma ɓera ciwon dasu sitireftozotosin ya fi aloksan, duk da aloksan ya fi araha shi kansa yana cin ƙoda sosai. A narka shi a ruwan sitiret mai sanyi a yi allurar nan take, a basu ruwan suga a daren farko don sugansu na iya faɗuwa ya kashe su, bayan kwana uku a auna a ware waɗanda ciwon ya kama.

Mataki na 5: bayarwa, da ramin da yafi cin mutane

Ɗura ta baki da allurar ɗura mai dunƙulallen kai ake yi, ka sa ma'aikacin ɗakin dabbobi ya koya maka da hannunsa kafin ranar farko, ka girmama mutanen nan don sun fi ka sanin ɓera. In kaji turjiya ko ɓeran na haki ka zare, ka shiga hanyar iska kenan. Lokaci ɗaya kullum, kuma rukunin kwatance, wato waɗanda ba'a ba taba ba, suma a ɗura masu ruwa zalla, su sha irin kamun da sauran suka sha.

Yanzu ga ramin. Nikotin nada ɗaci kuma yana kashe sha'awar abinci. In a ruwan sha ka zuba, ɓeraye zasu rage sha, jiki ya bushe, yuriya ta hau a jini alhali ƙodar lafiyarta lau. Shi yasa masu wannan hanyar ke ƙara sakarin, sinadarin zaƙi, a ruwan don ɓoye ɗacin, kuma su sa ma rukunin kwatance sakarin ɗin suma. In kuma abinci suka rage zasu rame, tsoka ta ragu, kiriyatinin kuwa daga tsoka yake fitowa, sai kaga lambarsa ta sauka ko ta tsaya cak ko da ƙodar ta fara rauni. Kaga ta ko'ina za'a iya ruɗa ka, wani ya ga cuta inda babu, wani ya kasa ganinta inda take.

Maganinsa littafi da sikeli. Kowace safiya ka auna ruwan da ya rage a kwalba da abincin da ya rage a keji ka rubuta, lafiyayyen ɓera na shan wajen mililita 10 akan giram 100 a yini. Ka duba bakin kwalbar ko yana ɗiga, don kwalba mai yoyo zata sa ka rubuta cewa sun sha abinda shimfiɗa ta sha. In kaga rukunin taba na cin ƙasa da sauran, sai ka ware wasu lafiyayyu da zaka riƙa ba daidai abinda ƴan taba suka ci jiya, ba ƙari. Duk bambancin da ya rage tsakanin waɗannan biyun shine na taba da gaske. Aiki ne mai gajiyarwa, Asabar da Lahadi da ranar Sallah duk sai kazo, don haka ku haɗu ku biyu ko uku ku raba kwanaki.

Masu hayaƙi, akwati zaku haɗa mai mashigar iska da mafita, kuma abin tsoro a nan iskar kabon monoksaid ce, ita ke kashe ɓera a akwati tun kafin nikotin yayi wani abu. A sa na'urar auna ta, a bada hayaƙin a taƙaice ana hutawa, a fara da kaɗan. Rukunin kwatance suma su shiga akwati na tsawon lokaci ɗaya ba hayaƙi. Sigari iri ɗaya daga kwali ɗaya, tunda na bincike da jami'ar Kentucky ke yi ba sauƙin samu gare shi ba a nan. Kuma ku tuna dokar lafiyar jama'a ta 2012, Act 851, ta hana hayaƙin taba a wuraren jama'a da wuraren aiki, sai ku nemi izinin sashe ku yi a ƙarƙashin na'urar zuƙe iska.

Mataki na 6: fitsari

Da yawa basa tara fitsari sam, alhali shi ke fara bada labari. Kiriyatinin na jini baya hawa a fili sai an rasa kusan rabin aikin tacewa, albumin kuwa, wani furotin na jini, yana fara zubowa a fitsari tun da wuri. Ka sa kowane ɓera a kejin tara fitsari awa 24, kafin fara bada taba sau ɗaya, a tsakiya, da ƙarshe. Ka fara saba masu da kejin kwana ɗaya ko biyu don ranar farko basa ci basa sha yadda ya kamata. Ka rubuta yawan fitsarin, ka juya shi a sentirifuj ya zubar da gashi da ɓarɓashin abinci, ka raba a ƙananan kwalabe ka daskarar.

Kar ka dogara da tsinken gwajin fitsari na asibiti. Namijin ɓera lafiyayye na zubar da wani furotin nasa na halitta a fitsari, tsinken zai canza launi ka ɗauka cuta ce. Albumin zaka auna da kit ɗin gwaji na ELISA na ɓera, ka raba da kiriyatinin na fitsarin. In kuɗi ya kai ka ƙara KIM-1 ko NGAL, su ke nuna raunin bututu da wuri. Kit ɗin nada tsada kuma sai an yi oda, ku haɗa kuɗi da wasu ɗalibai masu aikin ƙoda ku raba faranti ɗaya. Idan babu kejin kwata kwata, ka ɗora ɓeran akan leda mai tsabta, yawanci zai yi fitsari nan da nan, ka zuƙe da fifet, wannan ya isa a fitar da albumin akan kiriyatinin.

Ka auna kotinin ma, a fitsari ko a jini. Shine abinda hanta ke mayar da nikotin, yana daɗewa a jiki fiye dashi, kuma shine shedarka cewa tabar ta shiga jikin dabbar da gaske.

Mataki na 7: ranar ƙarshe

Don Allah kar ka yi amfani da kulorofom a kwalba. Kulorofom guba ne ga hanta da ƙoda, wato gaɓar da kazo dubawa ita kake ɓatawa a mintin ƙarshe, ga azabar da dabbar ke sha. Ketamin da zailazin ake haɗawa, likitan dabbobi ko ma'aikacin da aka horar ya bayar, a matsa yatsan ƙafa a tabbatar baya ji kafin a taɓa shi. Kar ka gama rukuni ɗaya da safe ɗaya da yamma, ka cakuɗa su.

Jini daga zuciya ake ɗiba, a hankali. Ka cire allurar kafin ka zuba a kwalba, in ka tura ta cikin allura ƙwayoyin jini zasu fashe ruwan yayi ja, fotasiyam ya hau na ƙarya. A barshi ya daskare wajen minti 30, a juya minti 10 zuwa 15, a kwashe ruwan saman a raba gida biyu ko uku. Rabawar nan saboda dumsor ne, wato yawan ɗaukewar wuta, in wuta ta ɗauke firiza ya narke ko kuma gwaji ya ƙi, kana da na ajiya, kuma yafi kyau ka ajiye kashi ɗaya a wani firizan daban mai janareta.

Sai ƙodar, kuma nan sauri ake so. Da zafin garin nan bututun ƙoda na fara ruɓewa cikin mintuna bayan mutuwa, kuma a madubin ƙara girma ruɓewar nan tana kama da mutuwar ƙwayoyi da guba ke jawowa, sai ka samu har rukunin da ruwa kawai suka sha suna nuna lalacewa. Ka cire, ka share kitse, ka goge da takarda, ka auna, ka tsaga ta hagu a tsaye gida biyu ka jefa a fomalin mai kashi 10 nan take, ruwan ya ninka naman sau goma aƙalla, awa 24 zuwa 48. Ta dama ka wanke da ruwan gishiri mai sanyi ka daskarar don auna alamomin lahanin oksijin, MDA da SOD da katales da gulutatayon. Lambar samfur da fensir zaka rubuta a ƴar takarda ka jefa cikin kwalbar, tawadar biro da ta alƙalamin maka duk wankewa suke in sun haɗu da sinadaran lab ɗin yanka, ka wayi gari da kwalabe talatin ba suna.

Nauyin ƙoda ka rubuta shi iri biyu, tsurarsa da kuma akan nauyin jiki, don in ɓera ya rame lissafi na biyun zai nuna kamar ƙodar ta kumbura.

Gawarwakin a naɗe a kai wajen ƙonawa na makaranta, banda bola banda kwata.

Mataki na 8: karanta sakamakon lab

In lab ɗin asibiti ka kai, takardar zata fito da iyakokin mutum, zakaga an sa ma kiriyatinin alamar yayi ƙasa don na ɓera dama bai kai na mutum ba, wata na'urar ma har eGFR, ƙiyasin ƙarfin tacewa, zata lissafa maka. Ka watsar da duk wannan, lissafin na ɗan Adam ne, ma'auninka shine rukunin kwatancenka. Ka tambaye su wace hanya suke auna kiriyatinin, tsohuwar hanyar Jaffe na ƙara lamba a jinin ɓera saboda wasu sinadarai dake bada launi iri ɗaya, ta enzayim ta fi. Duk samfuran a auna su rana ɗaya a na'ura ɗaya.

Ƙarfin tacewa kai zaka fitar da hannunka, kiriyatinin na fitsari sau yawan fitsarin awa 24, a raba da minti 1440, a sake rabawa da kiriyatinin na jini, sannan a daidaita da nauyin jiki. Ka tabbata ma'aunin biyun iri ɗaya ne, lab kan bada na fitsari a milimol na jini a maikuromol. In yuriya ta hau ita kaɗai kiriyatinin na nan, fitsari kuma ya ragu yayi kauri, koma littafinka na ruwa kafin ka ce komai.

Gilasan nama a yanka su maikuron 4 zuwa 5, rinin H&E na kowa da kowa, amma ka roƙi PAS don shi ke nuna kaurin matata, da Masson don tabo. Ka ba wani abokinka ya rufe lambobin ya sa nasa, likitan da zai duba kar ya san wanne ne wanne, kai ma kar ka sani sai an gama bada maki. A duba fili goma ko fiye a kowace ƙoda. Hoto ɗaya mafi muni daga rukunin taba kusa da mafi kyau daga rukunin kwatance ba sakamako bane.

Mataki na 9: lissafi da rubutu

Lissafin kwatanta rukunai na ANOVA da gwajin Tukey zaka yi a manhajar GraphPad Prism ko SPSS, in rukuni huɗun nan na suga kayi to mai hanya biyu zaka yi don shine zai nuna ko taba ta fi illa a masu suga. Makin gilasai kuma Kruskal-Wallis. Ɓera ɗaya lamba ɗaya, fili goma daga ƙoda ɗaya ba dabbobi goma bane. Ka nuna ɗigon kowane ɓera a zane, ka faɗi nawa suka mutu da dalili. Jerin ƙa'idojin rubuta binciken dabbobi na ARRIVE na 2020 na nan a intanet kyauta, ka bi shi layi layi.

In zaka kwatanta da mutum ka yi hattara, ana raba ma'aunin ɓera da 6.2 don kusantar na mutum, kuma ɓera na fitar da nikotin da sauri fiye damu, rabinsa na fita cikin kamar awa ɗaya mu kuma wajen awa biyu. Mai shan sigari na zuƙar miligiram 1 zuwa 1.5 daga kowane kara sau da yawa a yini shekara da shekaru, ɗura ɗaya a yini na wata guda bata kama ƙafar wannan ba. Kotinin da ka auna shi zai baka damar cewa dabbobinka sun kusanci mai sha kaɗan ko mai sha da yawa.

In baka ga bambanci ba ka rubuta haka, kar ka taɓa lamba ko ɗaya ko wa ya matsa maka. Kuma kar ka rubuta cewa taba bata da illa ga ƙoda, abinda ka nuna shine a wannan ma'aunin, a wannan kwanakin, a matasan ɓeraye, gwajinka bai kama canji ba. A ɓangaren mutane an riga an san shan taba na hanzarta lalacewar ƙoda ga masu suga da hawan jini, kuma yana cikin sanannun dalilan kansar ƙoda da ta mafitsara, sai ka ajiye sakamakonka a gefen wannan ka tattauna. Bayan kare aiki ka miƙa ma sashe bulok ɗin kakin da naman ke ciki tare da kwafin littafinka da makullin lambobi, suna shekaru basu lalace ba, ɗalibin baɗi zai iya yanka su yayi rinin da kuɗinka bai kai ba ba tare da an kashe wasu ɓerayen ba.